Yadda zaka kalli Wings na 1927 har ƙarshe ba tare da ka gaji ka kashe ba

Mutane da yawa idan suka ji an ce ga fim ɗin da ya fara cin kyautar Oscar ta fim mafi fice sai su ruga YouTube su buɗe, minti goma bata cika ba sun rufe, wai babu magana babu kala kuma mutanen ciki sai zare ido suke suna wurga hannu. Ni kam abin yana min ciwo wallahi, don fim ɗin nan Wings idan ka san yadda zaka zauna masa, akwai wuraren da zaka manta numfashi kake. Matsalar kawai ana shigarsa ne da idon da ake kallon finafinan yanzu, shi kuma da nasa tsarin ya zo. Toh bari in faɗa maka yadda ake yi.

Ka fara da neman kwafi mai kyau, wannan shi ne rabin aikin. Fim ɗin kamfanin Paramount ne, an fara nuna shi a Niyok ranar 12 ga Agusta 1927, kuma tun 1 ga Janairu 2023 haƙƙin mallakar asalinsa ya faɗi a Amurka, shi yasa zaka ga kwafi birjik a YouTube da Internet Archive, kowa ya ɗora nasa. Amma ba duka bane na kallo. Akwai wanda aka kwafo daga tsohon kaset hoton ya yi dishi-dishi, jirgi a sama sai ka ɗauka ƙuda ne ya sauka a gilashin wayarka, akwai kuma waɗanda wasu suka shafa wa kala da kwamfuta fuskokin mutane suka koma wani iri, duk ka tsallake su. Abin da kake nema shi ne gyaran da Paramount suka yi a 2012 lokacin da kamfanin ya cika shekara 100, ko wani kwafi da yake kusa da shi a tsabta. Hanyar ganewa mai sauƙi: duba tsawonsa, ya kamata ya kai wajen awa biyu da minti ashirin da wani abu, cikakken gyaran minti 144 ne. In ka ga awa ɗaya da rabi toh an datse shi ko an ƙara masa gudu, kar ka ɓata datarka.

Kuma kar ka yi mamaki idan ka ga hoton ba baƙi da fari zalla bane, ya ɗan yi ruwan zuma, sannan wutar bindiga da harshen wutar jirgin da aka harbo suna fitowa ja-ja. Wannan ba aikin 'yan YouTube bane, haka aka nuna shi tun 1927, a wancan zamanin ana rina fim ɗin ne gaba ɗaya da launi guda, wutar kuma a sa mata nata launin daban. Masu gyaran 2012 dawo da shi suka yi yadda yake. In ka samu mai wannan jan wutar toh ka dace.

Sai kiɗa. Fim mara magana ba a taɓa kallonsa shiru ba, a manyan silimu makaɗa ne suke zama a gaban allo suna bin labarin, wasu wuraren har da masu yin ƙarar inji da ta bindiga a bayan labule. Asalin kiɗan Wings wani mai suna J. S. Zamecnik ne ya rubuta, kuma a gyaran 2012 an sake kaɗa shi aka haɗa da ƙarar jirage da harbi wanda gwanin haɗa sauti Ben Burtt ya yi aikinsa. Akwai kuma wani kwafin mai kiɗan ogan, irin babban fiyanon nan na coci, wanda makaɗi Gaylord Carter ya kaɗa. Ni shawarata ga mai farawa ya nemi na farkon, don ƙarar injin tana riƙe mutum, tana sa ka ji kamar kana cikin jirgin. Wanda zaka guje wa shi ne kwafin da wani ya ɗauko kiɗan fiyano guda ɗaya ya maimaita daga farko har ƙarshe, ana mutuwa a allo kiɗa yana ta annashuwa, wannan shi yake kashe fim ɗin a zuciyar mutane. Ka tsallaka zuwa tsakiya ka saurari minti ɗaya kafin ka sauke, in kiɗan yana tafiya da abin da ake yi toh shikenan.

In da hali kar ka kalla a waya. Haɗa da talabijin ko laftof, da daddare, a kashe fitila. Dalili kuwa a faɗan sama jiragen ƙanana suke fitowa a cikin sarari mai faɗi, a ƙaramin gilashi bazaka bambance wane yake bin wane ba. Ko a 1927 ɗin ma sun san haka, shi yasa a wasu silimu idan an zo wurin yaƙin sama sai a canza madubin na'urar haskawa hoton ya buɗe ya ƙara girma a bango. In kuma waya ce kaɗai gareka ba laifi, ka kwantar da ita a faɗi, ka ƙara haske, ka sa iyafis, ka sauke aƙalla mai ingancin 720 lokacin da data take arha, sannan ka rufe WhatsApp. Wannan na ƙarshen da gaske nake. Fim mai magana kana iya duba saƙo kunnenka yana bin labari, wannan kuwa ka ɗauke ido na daƙiƙa goma ka rasa wani kallo da wata ta yi wa wani, kuma a kan wannan kallon aka gina rabin awa mai zuwa.

Maganar turanci kuma kar ta tsorata ka. Abin da ake yi shi ne mutum ya motsa baki sai a sako baƙin allo da rubutun abin da ya faɗa, gajeru ne yawanci, layi ɗaya ko biyu. Ka dakatar ka karanta a nutse, in kalma ta shige maka duhu ka haska ta da kyamarar Google Translate a wata wayar. Amma gaskiya ko ka bar rubutun zaka gane yawancin labarin. Iyayenmu da yayyenmu sun shekara suna cika silimu a Kano da Kaduna da Jos suna kallon finafinan Indiya tun kafin a fara fassara, basu jin kalma ko ɗaya amma su fito su baka labari tiryan-tiryan, wa yake son wa, wa ya ci amanar wa, duk daga fuska da ido da yadda mutum ya juya baya. Wannan idon shi zaka ɗauko. Kuma abin da kake gani kamar zaƙewa ne a wasan nasu, zare ido da dafe ƙirji, ka tuna basu da murya, jikin ne bakinsu. Bayan minti ashirin zaka daina lura da shi ma.

Yanzu ka riƙe mutum huɗu a kanka kafin ka danna. Jack Powell, wanda Charles Rogers ya fito a matsayinsa, saurayi ne ɗan ƙaramin gari mai rawar kai, kullum yana ƙarƙashin wata tsohuwar mota yana kwancewa yana ɗaurawa, burinsa ya tashi sama. Mary Preston maƙwabciyarsu ce, katanga ce kawai tsakaninsu, ita ce Clara Bow, kuma tana mutuwar sonsa shi kuwa ko a jikinsa, kallon ƙanwa yake mata. Shi hankalinsa yana kan Sylvia Lewis, 'yar birni da ta zo garin, Jobyna Ralston ke nan. Ita kuma Sylvia zuciyarta tana wajen David Armstrong, ɗan gidan masu kuɗin garin, mai sanyin hali, wanda Richard Arlen ya taka. Kaga dai yadda abin yake, kowa yana bin wanda yake kallon wani wajen, mu da muka tashi da irin wannan labarin ba sai an mana bayani ba. Daga nan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1917 ke nan, samarin biyu suka shiga sojan sama suna jin haushin juna, a wajen horo aka haɗa su dambe suka jibgi juna har jini, daga ranar kuma suka zama aminai. Wani abin daɗi, Arlen da Ralston ɗin soyayyar tasu ta wuce allo, a 1927 ɗin suka yi aure na gaske.

Minti talatin na farko su ne jarrabawar. Babu jirgi sosai, gida ne da bankwana da wajen ɗaukar soja, ga wani mai barkwanci Herman Schwimpf, ɗan asalin Jamus da kullum ake zarginsa saboda sunansa shi kuma sai ya tuɓe riga ya nuna zanen tutar Amurka a damtsensa, wani lokacin abin ya bada dariya wani lokacin ya ja tsawo. Ka daure, kar ka tsallake, don a nan ake dasa ƙananan abubuwa guda uku da zasu dawo su same ka daga baya. Na farko zanen tauraro mai gilmawa da Mary ta yi wa motar Jack, wanda daga baya zai zana a jikin jirginsa. Na biyu ɗan abin wuya mai buɗewa da hoton Sylvia a ciki, ka lura sosai da wanda ta yi niyyar ba wa da wanda ya ɗauka, ka kuma lura akwai rubutu a bayan hoton. Na uku 'yar ƙaramar 'yartsana ta yarinta da mahaifiyar David ta ajiye, ya tafi da ita yaƙi. Bankwanan David da iyayensa, uban a keken guragu uwar tana ƙoƙarin haɗiye kuka, ni a wajena yana cikin wurare mafi nauyi a fim ɗin duka kuma babu jirgi ko ɗaya a ciki. A farkon nan kuma akwai wurin da David da Sylvia suke kan lilo, kyamarar aka ɗaura a jikin lilon tana tafiya tana dawowa da su, ka tsaya ka kalle shi da kyau ka tuna 1927 ake magana.

Da sun isa makarantar tuƙi ka buɗe ido, wani dogon saurayi zai tashi daga barci a tanti, ya gutsiri cakulan ya ajiye sauran a kan gado ya ce zai je ya ɗan yi atisaye kafin abinci. Gary Cooper ke nan tun bai zama kowa ba, fitowarsa bata fi minti biyu zuwa uku ba amma ita ta buɗe masa ƙofa a Hollywood. Ka kalli yadda aka nuna abin da ya same shi, inuwar jirgi a ƙasa, motar asibiti da gudu, sai kuma ragowar cakulan ɗin nan a kan bargo. Daraktan ya san ba sai ya nuna maka komai ba.

Toh yanzu mu zo kan abin da yasa nake ta wannan dogon bayani, faɗan sama. Kafin ka kalla ka sa a ranka cewa abin da kake gani ya faru da gaske a sararin samaniyar Texas. Darakta William Wellman shi kansa matuƙin jirgin yaƙi ne, ya yi yaƙin a Faransa tare da rundunar Faransawa, yana ɗan shekara 30 ya ɗauki fim ɗin nan, kuma ya ƙi yarda a yi masa wasan yara a cikin situdiyo. Ma'aikatar yaƙin Amurka ta basu aron jirage da matuƙa da sojoji da tankoki, aka yi aikin a filin Kelly da ke San Antonio daga Satumba 1926 zuwa Afrilu 1927, aka kashe wajen dala miliyan 2, kuɗin da a lokacin ba ƙaramin abu bane. Kyamarorin a jikin jirgin aka ɗaure su suna kallon fuskar jarumi, mai ɗaukar hoto Harry Perry da mutanensa suka tsara su da batir, jarumin da kansa yake kunnawa a sama. Shi Arlen dama ya taɓa koyon tuƙi lokacin yaƙin, amma Rogers bai taɓa tuƙa jirgi ba sai da aka koya masa saboda fim ɗin, idan sun kai sama matuƙin gaske ya sunkuya ya ɓuya a ɗaya kujerar, shi kuma ya riƙe jirgin yana wasan kwaikwayo a lokaci guda. Saboda haka idan ka ga iska tana kaɗa fatar kumatunsa, ƙasa tana juyawa a bayansa, wani jirgin ya biyo shi, duk haka abin yake, babu wani labule a bayansa. Faɗuwar jiragen ma mutane ne suka faɗo da su da gangan, akwai wani gwanin wannan aikin Dick Grace da ya karya ƙashin wuyansa a ɗaya daga ciki.

Ka lura da gajimare. Wannan shi ne sirrin da in ka gane shi kallon naka ya canza. Jirgi a sararin da babu komai ko gudun me yake sai ka ga kamar a tsaye yake, ido yana buƙatar wani abu da zai auna gudun da shi. Wellman ya gane haka ya ajiye jirage da ma'aikata kwana da kwanaki ana jiran gajimare masu kauri su taso, manyan kamfani suna ta kumfar baki kuɗi yana ƙonewa, shi ko gezau. Toh duk inda ka ga jirage suna kutsawa cikin farin gajimare suna fitowa ta ɗaya gefen, ko wanda aka harbo yana gangarowa da baƙin hayaƙi a gaban farin, ka san wannan jiran ne ya haife shi.

Sai kuma yadda zaka gane wane ne wane a sama, don kowa ya sa hular fata da tabarau fuska ta ɓace. Kar ka bi fuska, bi alamar jikin jirgi. Na Jamus baƙin kuros ne a fiffike da jela kuma jiragen nasu sun fi duhu, na su Jack da'ira ce cikin da'ira, na Jack ɗin kansa ga tauraron Mary a gefe. Ka saba da wannan tun faɗan farko, don ƙarshen fim ɗin kacokan a kan alamar nan ya rataya, matuƙi a sama baya ganin mutum, fenti yake gani. Iya abin da zan faɗa ke nan, kuma don Allah kar ka je ka karanta ƙarshen a Wikipedia kafin ka kalla. Masu son harkar jirage kuma su sani yawancin jiragen na sojan Amurka ne na shekarun 1920 aka yi wa fenti, Curtiss P-1 aka mayar na Jamus, Thomas-Morse suka tsaya a madadin SPAD na Faransa, babban mai jefa bam ɗin nan da ake kira Gotha a fim ɗin shi ma Martin ne na Amurka. In kana son ka kwatanta zamanin, a Nuwamba 1925 ne jiragen sojan saman Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka Kano, masu fiffike biyu sama da ƙasa, kan matuƙi a waje, 'yan zamani ɗaya ne da waɗannan da zaka gani.

Abu biyu game da yaƙin kansa zasu taimaka maka. Matuƙan ɓangaren Amurka da Ingila da Faransa a wancan yaƙin basu da laimar dira, jirgin kuma katako ne da yadi da tankin mai a gaban mutum, in ya kama wuta babu wajen zuwa, shi yasa idan aka nuna matuƙi yana waige hayaƙi yana tashi abin yake da ban tsoro haka. Sannan manyan balan-balan ɗin nan da zaka ga ana kai wa hari, na leƙen asiri ne, mutum yana cikin kwando a ƙasansu yana faɗa wa masu igwa inda zasu harba, iskar da ke ciki kuma mai kama wuta ce. Akwai kuma wurin da bindigar David ta cije a tsakiyar faɗa, babban matuƙin Jamus Kellermann ya gani ya ɗaga masa hannu ya ƙyale shi. Fim ɗin bai mayar da Jamusawa dodanni ba, kuma wannan yana cikin abin da yasa nake girmama shi.

Idan ka ga an basu hutu zasu tafi Paris, nan ne wajen da ya dace ka dakata, ka yi sallah ka sha ruwa ka miƙe ƙafa, ko ma ka bar sauran sai gobe. Kuma a nan zan ja kunne. Ɓangaren Paris a gidan rawa na Folies Bergère ake yinsa, akwai shan giya sosai, Jack ya bugu har yana ganin kumfa tana tashi daga komai, kuma akwai ɗan wurin da Mary take canza kaya 'yan sandan soja suka faɗo ɗakin, na daƙiƙa kaɗan ne amma jiki ya bayyana. Can farko ma a wajen gwajin lafiyar masu shiga soja ana hango maza ta baya babu kaya ta wata ƙofa. In da yara ko iyaye a wajen ka riga ka duba wuraren nan kai kaɗai ka san minti nawa ne, rimot a hannu. Kusa da ƙarshe kuma akwai sumbar bankwana tsakanin aminan biyu a cikin kuka, gara ka sani tun yanzu. Amma shigar gidan rawar kar ka tsallake ta, kyamara ce take tafiya ta saman tebura ɗaya bayan ɗaya, tana ratsa tsakanin mutane, kowane tebur da ɗan labarinsa na daƙiƙa biyu, har ta tsaya a kan kofin Jack. Rataye ta aka yi daga sama ana turawa. Har yau masu koyon fim suna maimaita wannan wurin, kai ma ka mayar ka sake gani sau biyu ko uku. Sauran maganar kumfar kuwa gaskiya ta yi tsawo, in ka ɗan tura gaba ban ga laifinka ba, sai dai ka tabbatar ka ga abin da Mary ta sadaukar a daren, da kuma cewa Jack bai ma san ita bace.

Clara Bow ita ce babbar tauraruwar Paramount a lokacin, sunanta ne a saman fosta, amma zaka ga fitowarta bata kai ta mazan ba, ta shiga yaƙin ne a matsayin direbar motar asibiti. Duk da haka duk inda ta fito ka kalli idonta kawai, a cikin daƙiƙa biyar zata yi murna ta yi kishi ta haɗiye ta yi murmushin dole, ita ce zata koya maka karatun fim mara magana fiye da duk bayanin da na yi.

Bayan Paris sai yaƙin Saint-Mihiel a Faransa, wanda aka gwabza da gaske a Satumba 1918, wata biyu kafin a tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba. An sake gina filin dagar a Camp Stanley kusa da San Antonio, ramuka da waya mai ƙaya da komai, sojoji wajen 3,500 suna gudu a ƙasa nakiyoyi suna tashi jirage suna wucewa ƙasa-ƙasa a kansu, duk a lokaci guda. A nan kar ka dakatar, kar ka fassara rubutu, ka ƙara sauti ka bar shi ya tafi da kai har ƙarshe, in akwai abin da baka gane ba ka dawo daga baya.

Fim ɗin ya fito ne ƙasa da wata uku bayan Charles Lindbergh ya tsallaka tekun Atlantika shi kaɗai daga Niyok zuwa Paris a Mayu 1927, duniya duk ta haukace da maganar jirgi, ya fi shekara ana nuna shi a silima ɗaya a Niyok, sannan ranar 16 ga Mayu 1929 a bikin Oscar na farko ya ɗauki kyautar fim mafi fice, Roy Pomeroy kuma ya samu ta dabarun hoto. An daɗe ana zaton ya ɓata kamar yadda yawancin finafinan wancan zamanin suka ɓata, sai aka samu kwafi a ma'ajiyar finafinai ta Faransa a Paris. In ka gama kallon farko ka bar kwana biyu, sannan ka koma faɗan sama na farko kaɗai, wannan karon ka bar jarumin ka dinga kallon abin da ke bayan kansa, ka ƙirga jirage nawa ne a cikin hoton a lokaci ɗaya kuma ina kyamarar take zaune da har ta kama su.